Darasi: Kafin ka shiga tseren kilomita 100, gyara ƙafarka da cikinka

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Auta, ta fara ɗauka? To madalla. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a saman bene muke, a nan Jidda, ɗakin ya yi mana kaɗan saboda kayan da na baje.

Tun da na saka hoton lambar yabon da na samo a tseren kilomita 100 saƙonni ke shigowa, daga Makka, daga Madina, har da wani bawan Allah direba a Riyad, kowa tambayarsa ɗaya: ta ina ake farawa? To yau ba da mai farawa nake ba. Na ɗauka ka riga ka yi gudun fanfalaki, kilomita 42 da mita 195 ɗin nan, ko sau ɗaya ne, ko na Riyad da aka fara a 2022 ko wani. Kana da takalmi, kana da agogo, ka san yadda ake ɗumama jiki. Duk gudun da ya zarce wannan tsawo shi masu abin ke kira altira, akwai na 50, akwai na 100, akwai ma na mil 100, wajen kilomita 161 ke nan. Kuma ba sabon abu ba ne. Comrades ta Afirka ta Kudu tun 1921 ake yin ta tsakanin Daban da Fitamarisbag, kusan kilomita 90, awa 12 suke bayarwa, da ta cika a rufe ƙofa ko da taku biyar ya rage maka. A Maroko akwai Marathon des Sables tun 1986, wajen kilomita 250 cikin sahara a kwanaki, abincinka a bayanka. Mu nan abin da ya fi mana kusa shi ne na garin Al'ula, arewa da Madina, da ake yi da sanyi, akwai 50 akwai 100, kuma yawancinku shi kuke hari.

Maganar atisaye ba zan ja ta ba. Wata huɗu zuwa shida, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kowane mako na huɗu ka sassauta. Abu ɗaya da ya bambanta da shirin fanfalaki shi ne dogon gudu kwana biyu a jere. Juma'a bayan Asuba ka yi awa huɗu, Asabar ka tashi da ƙafafu kamar itace ka ƙara awa biyu da rabi. Na Asabar ɗin nan shi ne karatun, don a nan jiki ke koyon tafiya da gajiya. Na san da yawa cikinmu Juma'a kaɗai kafili, wato ubangidan aiki, ke ba su hutu. To ka yi na farko daren Alhamis bayan an tashi daga aiki, na biyu safiyar Juma'a, har ka samu ribar gudun dare a ciki. Kuma ka daina ƙirga kilomita, awa za ka ƙirga, awa nawa ka yi a kan ƙafarka.

Sai dutse. Mu mutanen Jidda Kornish, hanyar nan ta bakin teku, ta ɓata mu, shimfiɗe take kamar tabarma. Na je tserena na farko ina tsoron hawa, ashe gangara ce za ta kashe ni. A gangara cinyarka ce birki, naman yana miƙewa yana kuma riƙe nauyinka a lokaci ɗaya, shi ne yake tsattsagewa ta ciki, bayan kwana biyu ko zama a banɗaki sai ka dafa bango. Maganinsa ka saba mata tun da wuri. Duk wata mukan hau mota mu nufi dutsen Hada da ke hanyar Ɗa'ifa, mu hau da tafiya mu sauko da sassarfa. In ba ka da mota, benen gidanku ya isa, ka hau a lif ma in ka ga dama, saukowar nake so. Amma in kun je Hada ku riƙe abincinku da kyau, birai ne a wurin marasa kunya. Na taɓa ajiye ledar dabino a kan dutse ina ɗaure takalmi, kafin in ɗago wani ƙaton ya yi sama da ita, ya zauna can yana ci yana kallona.

Zafi kuma, kar wani ya ce zai gwada jarumta da azahar a watan Yuli. Hukuma da kanta ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, kai kuma wane ne? Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14 in ana bi a hankali, kuma mu da ke zaune a nan mun riga mun samu rabonmu. Abin da zai ba ka mamaki a Al'ula sanyin asuba ne. Ka tafi da rigar iska da safar hannu.

To, yanzu ga abin da ya sa na kunna kyamara. Auta, sauko da ita ƙasa, nuna takalmin.

Kun ga saman nan? Raga ce. An yi ta don iska ta shiga, to yashi ma ta nan yake shiga. Ba ka jin sa da farko. Yana taruwa a ƙarƙashin yatsu, ya haɗu da gumi, ya zama kamar takardar goge katako, kowane taku yana cin fata. A karona na farko a kilomita 62 na tsaya, na cire safa, na ga bororo uku sun fashe sun haɗe, tafin ƙafar ya yi fari kamar na wanda ya wuni a wanki. Numfashina lafiya, zuciyata lafiya, yashi cikin cokali ne ya fitar da ni.

Maganinsa wannan rigar takalmin. Tana rufe shi gaba ɗaya tun daga idon sawu, tana kamawa a jikin wannan abin mannewa, belkuro, irin na takalmin yara mai ƙara in an ɓalle. Akwai gajeru da ke rufe bakin takalmi kawai, waɗannan na tsakuwa ne, a yashi ba su da amfani. Yanzu ku saurara da kyau, don nan na yi asarar takalmi guda. Belkuron fuska biyu ne, mai kaushi da mai laushi. Ka duba wanne ne a jikin rigar, ɗayan shi za a sa wa takalmi. Tawa mai laushi ce a jiki, don haka mai kaushi ke zagaye takalmin. Ana sa shi ƙasa-ƙasa, daidai inda yadi ya haɗu da roba, ya zagaye ba tare da gibi ba, musamman nan gaba wurin babban yatsa da nan inda takalmi ke lanƙwasa. Gam kaɗai ba ya riƙewa, rana za ta narkar da shi. Gam da ɗinki, duka biyu. Ka kai wa mai gyaran takalmi, amma kar ka ajiye ka tafi, tsaya a kansa. Wanda na fara kai wa gwani ne a aikinsa, sai dai bai san me za a yi da takalmin ba, ya ja zaren da ƙarfi don ya yi kyau, gaban takalmin ya tsuke, ga ƙullin zare a ciki daidai kan ƙaramin yatsa. Ka ce masa ya cire shimfiɗar ciki kafin ya fara, kar ya ja, ƙulli kuma ya fito waje. In ya gama ka zura hannu ka shafa ko'ina, duk abin da yatsan hannunka ya ji, ƙafarka za ta ji shi sau dubu ɗari. Kuma a yi wannan wata guda kafin tsere, ka yi gudu da shi a yashi ko sau uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Takalmin kansa ya fi wanda ka saba girma da rabin lamba ko lamba ɗaya, ƙafa tana kumbura. Farce a yanke mako guda kafin ranar, kar a yanke a daren.

Sai filasta. Bari in cire safa, ku yi haƙuri da ganin ƙafar, farce biyu ba su gama dawowa ba. Da farko ka shafa basilin a… a'a, astagfirullah, tsaya. Kun ga abin da nake faɗa? Hannuna ya saba. In ka shafa mai filasta ba za ta kama ba. Auta, miƙo tsumman can. Fata a wanke, a bushe ƙarau, sannan filasta, mai kuma daga baya, a wuraren da ba filasta. Ga ta, irin mai miƙewa ce da ake samu a kantin magani. Ka yanko daidai, sannan ka zagaye kusurwoyin da almakashi, kusurwa mai tsini ita ke fara ɗagowa safa ta nannaɗe ta. Ɗaya daga saman yatsa ta bi ta kan baki ta dawo ƙasa, ɗaya ta zagaye, amma a ɗora kawai, kar a ja, in ka matse jini ba zai zagaya ba. In ta yi tattara ko kaɗan, cire ka sake, tattarar ita kanta bororo ce ke jira. Ka goga da hannu ta ɗumama ta kama. Ni da daddare nake sawa in kwana da safa. In ka naɗe yatsa ɗaya ka duba maƙwabcinsa, filastar na iya cin shi. Me ka ce, Auta? Alwala? Tambaya mai kyau. Ni nakan yi alwala kafin in naɗe, kuma hukuncin shafa da taimama da haɗa salloli na matafiyi, ka zauna da malaminku kafin tafiya ka ji, kar sai kana tsakiyar daji rana na faɗuwa ka fara neman fatawa a waya. Ka sa lokacin sallar cikin lissafinka, minti biyar ne, kuma wallahi zaman tahiyar nan hutu ne ga cinya.

Basilin ɗin kuma, tsakanin cinyoyi, hammata, inda jaka ke gogar wuya da ƙugu. Maza a rufe kan nono da filasta, kar ku ji kunya. 'Yan'uwa mata da ke gudu, kuna ƙaruwa masha Allah, ku kula da inda ɗinkin riga da na hijabi ke zama, awa goma sha na gumi ba wasa ba ne.

Ɗago kyamara. Mu zo ciki.

Abin da jiki ke ajiyewa na sukari a nama da hanta bai fi ya kai ka awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba in kana gudu sosai. A fanfalaki kana iya lallaɓawa ka ƙarasa a galabaice. A kilomita 100 za ka yi awa 14, 16, har 18, babu lallaɓawa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ana so ka riƙa samun kamar giram 60 na sukari ko sitaci a kowace awa, waɗanda suka horar da cikinsu suna kai wa 90. Na ce horarwa, don ciki ma sai an koya masa karɓar abinci ana jijjiga shi. Duk dogon gudun Juma'a ka ci abin da za ka ci ranar tsere, a lokacin da za ka ci shi.

Mu Allah ya hutar da mu, muna ƙasar dabino. Kusan kashi bakwai cikin goma na nauyin dabino sukari ne, ka auna giram 85 wanda aka cire wa ƙwallo, awa ɗaya ke nan. Ni na sa agogo yana ƙara duk minti 20, ya yi ƙara in ci, ko ina so ko ba na so. In ka jira yunwa ka makara. Wannan dabinon sukkari ake ce masa, daga shagon yayanmu a Sharar Mansur, in kun je Makka ku ce daga wajena kuke zai rage muku, kuma yana cire ƙwallon ya ƙulla a ƙananan leda in kun yi oda da wuri. To, na yi masa talla, ya biya ni da shayi. Amma gaskiya dabino kaɗai ba ya kai mutum. Bayan awa shida bakinka zai tsani zaƙi, ko ganin sa ba ka so, kuma in ya yi yawa yana saki ciki. Sai ka haɗa da mai gishiri: dafaffen dankali da aka barbaɗa wa gishiri, gutsuren burodin tamis, ɗan biskit daga bagala, wato kantin unguwa. Ni har ƙuli-ƙuli nake dakawa in ɗan lasa, ba don ƙarfi ba, don bakina ya tuna gida. Jel ɗin sukari da ake sayar wa masu gudu yana aiki, tsada ce da shi, nakan riƙe huɗu don ƙarshen tafiya. Daren tsere kuma ba daren mandi da yaji ba ne. Farar shinkafa, ɗan kaza, da wuri, halas.

Ruwa. Ka hau sikeli ba kaya kafin gudun awa ɗaya, ka sake hawa bayan ka dawo ka goge jiki. Kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta gumi, ka ƙara da abin da ka sha a hanya. Yanzu ka san kanka. Amma kar ka ce sai ka mayar da duka. Akwai haɗarin da mutanenmu ba su sani ba: ka yi ta ɗura ruwa zalla har gishirin jini ya tsinke, kai ya yi ciwo, yatsu su kumbura, amai, ruɗewa, kuma yana kisa. Mai kallo sai ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara maka ruwa. Ka sha gwargwadon ƙishi, gora ɗaya ruwa, ɗaya mai gishiri. In rigarka tana yin farin zane bayan gudu, kai mai zubar da gishiri ne, ka ƙara kula. Sannan don girman Allah ban da ibuprofen da danginsa a cikin tsere, ƙoda tana cikin wahala dama, kar ka ƙara mata.

Kayan dole, fitilar goshi da batir na biyu, usur, bargon leda, waya, kowane tsere yana da jerinsa, ku karanta da kanku. Lambar motar asibiti 997, ku sani. Mako biyu zuwa uku na ƙarshe a rage gudu, a yi barci.

Saura kai. Mutane suna so in ba su wata addu'a ko wani sirri. Abin da na gani shi ne yawancin abin da muke kira karayar zuciya yunwa ce ta sa hula. Duk lokacin da na ji na tsani gudu, na tsani wanda ya ba ni shawarar shiga, na fara lissafin kuɗin rajista da na yi asara, in na duba agogo sai in ga na tsallake ci sau biyu. Shi ya sa dokata ɗaya ce: ba na yanke shawarar fita ina tsaye, ba na yanke ta da yunwa. In isa tasha, inda masu shirya tseren ke ba da ruwa da abinci a hanya, in zauna, in ci, in ba shi minti goma. In har yanzu ina son fita, to in taka zuwa tasha ta gaba in fita a can. Sau uku na yi wa kaina wannan wayon a tseren da na gama.

Amma akwai fitar da ba a jayayya da ita, kuma tun a gida ake rubuta ta, lokacin da hankali ke jikinka. Ga katina, a aljihun gaba yake zama. Fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Ciwon ƙirji. Jiri da ruɗewa, ko a ce maka maganarka ba ta kan hanya. Amai da ya hana ko ruwa zama. Ciwo mai suka a ƙashi wanda ya canza takunka. Ɗaya daga ciki ya faru, an gama, iyalinka na jiranka. Abin da ba ya kan katin nan, gajiya ce kawai.

Kada kuma ka ɗauki 100 ɗin a kai gaba ɗaya, nauyi gare ta. Duk wanda ya yi Umara ya san wannan. Sa'ayi bakwai tsakanin Safa da Marwa ya ɗan haura kilomita uku, amma ba wanda ke tunanin kilomita uku, Marwa kawai kake hange, in ka isa ka juyo ka hangi Safa. Kuma dubi yadda ake yin sa, tafiya, a zo koren fitila maza su yi sassarfa, a koma tafiya. Haka za ka yi. Duk hawa tafiya ce, tun daga na farko, ko da kana jin ƙarfi kamar doki. Yashi mai zurfi tafiya ce, gajeren taku, ka sa ƙafa a sawun wanda ya riga ka, ya danne maka shi. Awa 16 a kilomita 100 bai kai minti goma a kowace kilomita ba, har da tsayuwar tasha da salla, ka ga ba gudu ake nema ba sosai, rashin tsayawa ake nema. An ce sannu ba ta hana zuwa, gaskiya ne, amma a nan kowace tasha tana da lokacin rufewa, ka rubuta su a bayan katin, ka san tazarar da ke tsakaninka da su.

Da aka busa za ka ga mutane sun fyalle kamar an saki tumaki. Bar su. In a kilomita 20 ba ka jin kunyar yadda kake tafiya a hankali, to ka yi sauri da yawa. Da yawansu za ka same su bayan Magariba a zaune a bakin hanya.

Dare kuma shi ne inda na fi jin tsoro, fitila tana nuna maka ɗan da'ira kawai, duwatsu suna zama kamar mutane a tsugune. Ni istigfari nake yi da taku, taku huɗu ɗaya, har in manta da ƙafar. Wani ƙirga yake yi. In ka samu wanda takunku ya zo ɗaya, ko ba ka jin yarensa, ku jera, na yi awa uku da wani ɗan Filifin ba mu yi magana goma ba.

Masu son fita Hada tare da mu, Juma'ar farko ta kowane wata ne, kowa riyal ashirin na mai, ku ajiye saƙo. Auta, an kira ko? To. Filastar nan ta babban yatsa ma ta yi tattara, sai na sake ta. Mako mai zuwa zan nuna yadda nake shirya jakar da ake kai wa tsakiyar hanya. Kashe, mu sauka.